Taurari biyar na ango ne, gawa ko ɗaya ba ta samu ba

A hutun da ya wuce na je Yamai wajen yayata. Wata ranar Asabar, kusa da babbar kasuwa, inda masu tsofaffin littattafai ke shimfiɗa hajarsu a ƙasa, na tsinci wani littafin Faransanci da ya sha hannu har gefen takardunsa ya yi baƙi. Sunansa L'Appel de la lune, fassarar Moon Called na wata Ba'amurkiya mai suna Patricia Briggs, wanda ya fito a 2006. Mai littafi ya ce jaka guda, muka yi ta ja-in-ja har ya sallama mani a dala ɗari. A bango akwai hoton wata budurwa mai zane a jiki, rigarta ko cibiya ba ta rufe ba, saboda haka kafin in shiga gida na yagi takardar kaye na lulluɓe shi, na rubuta sunan wani darasi a sama. Allah ya yafe mani. Dare biyu na yi na cinye shi, na biyun ma da fitilar salula don an ɗauke wuta.

Da na gama sai na ji ina son in yi hirarsa da wani, kuma duk cikin waɗanda na sani ba wanda ya karanta. Sai na sayi mega na shiga neman abin da sauran masu karatu suka ce. A Babelio na masu Faransanci da Goodreads na masu Ingilishi, kowa na iya ba littafi tauraro ɗaya zuwa biyar, ya kuma rubuta dalilinsa. Na yi ta karantawa har idona ya yi ja. Yawancin waɗanda na karanta, tambaya guda ce ta hana su barci: tsakanin Adam da Samuel, wa ya dace da yarinyar? Wannan ta ce Adam, don yana da kwarjini. Waccan ta ce Samuel, don shi ne na fari. Wata ta rage tauraro guda saboda soyayyar ta yi kaɗan, wata ta ƙara saboda sumba ɗaya da aka yi kusa da ƙarshe. Kuma kada in yi kamar na fi su. Da na buɗe kayena in ga abin da na rubuta a daren da na gama, layi ɗaya na tarar: Adam, 18 bisa 20.

Wannan layin nawa shi ya ba ni kunya, shi ya sa na ɗauki bik yau.

Bari in ɗan yi bayani saboda waɗanda ba su taɓa riƙe irin waɗannan littattafai ba. A cikin Ruwan Bagaja, wanda ya fito tun 1934, sai Alhaji Imam ya bar gida ya yi tafiya mai nisa kafin ya haɗu da aljanu. A waɗannan kuwa, halittar ɓoye maƙwabcinka ce. Tana biyan haya, tana kawo motarta gareji, wani lokaci ma tana da lauya. Faransawa na kiran nau'in fantasy urbaine, reshen da jarumarsa mace ce kuma soyayya ta yi ƙarfi a ciki suna ce masa bit-lit, sunan da kamfanin Bragelonne ya yaɗa da tambarinsa na Milady daga 2008. Ni dai almarar birni nake ce masa. Tukunyarsa kan duwatsu uku take zaune. Akwai gawa ko wani da ya ɓace, wanda dole a gano abin da ya same shi. Akwai mutanen ɓoye da dokokinsu. Akwai kuma soyayya. Ƙorafina a kan sharhin masu karatu shi ne dutse ɗaya suke kallo, sauran biyun ko sun goce miya ta zube, ba ruwansu.

Ku dubi yadda labarin Briggs yake. Mercy Thompson makanikiya ce, tana gyaran motocin Jamus, musamman Volkswagen, a wani yanki na jihar Washington da ake kira Tri-Cities. Tana iya rikiɗa ta koma koyot, wata dabbar Amurka mai kama da dila. Masu rikiɗa su koma kerkeci ne suka raine ta. Adam maƙwabcinta ne kuma shi ne shugaban garken kerketai na yankin, Samuel kuwa likita ne, tsohon saurayinta, ɗan Bran wanda ke sarautar duk kerketan Amurka ta Arewa. To amma littafin bai buɗe da ko ɗayansu ba. Ya buɗe ne da wani yaro matashi, mai tsumma a jiki, da yunwa a ciki, ya tsaya bakin garejin yana neman aiki. Ya ce sunansa Mac. An kai masa hari an mai da shi kerkeci ba da saninsa ba, aka kulle shi a keji ana gwada magunguna a jikinsa, ya samu ya gudo. Mercy ta ba shi abinci, ta ba shi aiki, ta miƙa shi hannun Adam da tunanin can ne zai tsira. Bayan ɗan lokaci kaɗan aka yar mata da gawarsa a ƙofar gida.

Duk abin da ya biyo baya, tafiyar Montana, neman ɗiyar Adam da aka sace, shiga gidan masu shan jini, daga gawar yaron nan ya taso. (Wanda ke son karanta littafin ya tsallake sauran wannan sakin layi, don zan fasa ƙwai.) Wanda ya ƙulla makircin wani ne mai suna Gerry Wallace. Ubansa likitan dabbobi ne, mutum mai taushin zuciya, wanda ya zama kerkeci amma ya kasa zama lafiya da dabbar da ke cikinsa, kuma dokar Bran ita ce duk wanda ya kasa riƙe kerkecinsa kashe shi ake yi. Ɗan ya tara mayaƙa, ya tayar da fitina tsakanin shugabanni, duk don ya ceci tsohonsa daga wannan hukunci. Uban bai tsira ba, ɗan ma bai tsira ba, kuma yaron mutane ya tafi a banza a tsakani.

To, ga labari mai nauyi: ɗa ya zubar da jinin ɗan wani don son ubansa. Ga kuma aibi da ya kamata mai sharhi ya nuna, don a ganina makircin ya yi sarƙaƙiya da yawa, kuma ba a ba mai karatu isassun alamu a hanya ba. Sai a ƙarshe aka zaunar da mu aka zazzage mana bayani gaba ɗaya, kamar mushen da ya ga shekara ta ƙare bai gama darasi ba. Wannan rauni ne na gaske a littafin bincike. Na ga ƴan kaɗan sun taɓo shi, sun ce ƙarshen ya ruɗe su. Amma sunan Mac, wallahi sai in wuce sharhi da yawa ban gan shi ba. Masu sharhin sun zauna kamar dangin amarya ranar da masu neman aure biyu suka zo gaisuwa, wannan a yaba tsayinsa, wancan a yaba sana'arsa, ga gawa kwance a zaure ba wanda ya waiwaya.

Kada a ɗauka raina su nake. Mai karatu na gari da ya sa kuɗinsa da darensa ya fi mani wani babban malami da ke hukunta littafin da bai buɗe ba, don kawai ya ga hoton bango. Kuma akwai inda masu karatun nan suka riga kowa ganin gaskiya. Misali shi ne jerin Anita Blake na Laurell K. Hamilton, wanda ya fara da Guilty Pleasures a 1993. Wata ƴar ajinmu ce ta turo mani wasu daga ciki a salula. Anita na zaune a St. Louis, sana'arta tayar da matattu na ɗan lokaci, misali in magada sun yi rikici a kan wasiyya sai a ta da mamacin a tambaye shi. Tana kuma taimakon ƴan sanda in kisa ya shafi mutanen ɓoye. Abin da ya ba littattafan farko ƙarfi shi ne kowane sihiri da farashinsa. Ba a ta da gawa sai an zubar da jini: sabuwar gawa kaza ta isa, wadda ta daɗe sai akuya. A littafi na biyu, The Laughing Corpse na 1994, wani attajiri ya nemi ta ta da gawar da ta kusa shekara 300, wadda ba ta tasuwa sai da jinin mutum, ta ce ba ta yi, kuma daga wannan ƙin ne bala'in littafin ya faro. Ka ga nan gaibu da bincike da halin jaruma duk igiya ɗaya ta ɗaure su.

Daga littafi na goma, Narcissus in Chains na 2001, sai marubuciyar ta ɗora wa Anita wata irin yunwa ta sihiri da ba ta kwanciya sai ta hanyar kwanciya da maza. Daga nan maza suka yi ta ƙaruwa, binciken kisa ya yi ta raguwa, har ya zama a wasu littattafan sai an kusa ƙarshe ake tunawa da akwai gawa. Masu karatu na yau da kullum su suka yi ta faɗin haka, littafi bayan littafi, har a ƙarshen 2006 Hamilton ta rubuta masu buɗaɗɗiyar wasiƙa, wadda taƙaitaccen saƙonta shi ne wanda littattafanta ba su yi masa ba ya daina karantawa. A wannan gardama ina bayan masu karatu. Sun lura duwatsu biyu sun fice daga ƙarƙashin tukunya, sun kuma faɗa. Wato idon na nan, in sun so buɗe shi.

Sai dai ku ga abin da ya faru da Charlaine Harris, inda so ya hana ganin laifi, ya kuma hana ganin gaskiya. Ita tun asali marubuciyar littattafan bincike ce. A 2001 ta fitar da Dead Until Dark, wanda a Faransanci ake kira Quand le danger rôde, na farko a jerin da aka yi fim ɗin True Blood da shi daga 2008. Sookie Stackhouse tana aikin kai abinci a wata mashaya a wani ƙaramin gari na jihar Louisiana. Tana jin abin da ke zukatan mutane, kuma wannan baiwa azaba ce gare ta, don ba ta iya zama da saurayi tana jin duk ƙazantar da ke kansa. A duniyar littafin, Japanawa sun ƙirƙiro jinin roba, saboda haka masu shan jini sun fito fili suna neman a ɗauke su ƴan ƙasa kamar kowa. Sookie ta so Bill, ɗaya daga cikinsu, saboda dalili mai sauƙi: ba ta jin tunaninsa, kusa da shi ne kaɗai take samun shiru.

A garin ana ta shaƙe matan da ke hulɗa da masu shan jini. Kowa ya zargi baƙin halittun, ko kuma Jason, ɗan'uwan Sookie. Har kakarta da ta raine ta aka kashe. Ƙarshe sai ga shi mai kisan mutum ne kamar ni da ku, ɗan gari, abokin hirar kowa, wanda ya fara da kashe ƴar'uwarsa don ta bi mai shan jini. Tun littafin farko Harris ta nuna inda hankalinta yake. Kuma ta warware wata matsala da duk mai son rubuta bincike ya kamata ya duba: in jarumarki na karanta zuciya, me zai hana ta gano mai laifi a shafi na biyu? Sai ta sa baiwar ta zama mai iyaka. Sookie ba ta jin sai abin da mutum ke tunani a wannan lokacin, kuma yawancin mutane bashi da sha'awa da ƙananan haushi ke kansu. Littafin ya ci kyautar Anthony, wadda ta littattafan bincike ce.

Littafi goma sha uku aka yi. Kafin a kai ƙarshe, masu karatu da yawa sun riga sun ɗaura wa Sookie aure a ransu da Eric, wani mai shan jini ɗan asalin Baikin da ya shekara kusan dubu, kyakkyawa, mai iko, mai dukiya. Da na ƙarshe, Dead Ever After, ya fito a 2013, sai ga Sookie ta ƙare da Sam, mai mashayar da take aiki, wanda ke rikiɗa ya koma kare. Labarin ƙarshen ma ya fita tun kafin ranar sayarwa, sai aka yi wa littafin ruwan tauraro ɗaya-ɗaya, har daga waɗanda ba su riƙe shi ba tukuna, marubuciyar kuma ta sha zagi da barazana. Kai jama'a! A kan auren mutumin da babu shi.

Ni ma ban ce littafin ƙarshen ya yi kyau ba, akwai gaggawa a cikinsa, kuma an tattaro tsofaffin maƙiya an jibge su wuri ɗaya. Wanda ya rage tauraro don haka, na ba shi hannu. Amma wanda ya ce zaɓen Sam ya faɗo daga sama, bai karanta da ido biyu ba. Tun farko yarinyar nan tana son rana, tana son gidan kakarta, ta sha nuna ba ta son a mai da ita mai shan jini. Mijin da ba ya fita sai dare, ba ya tsufa, kuma siyasar danginsa ta sha jawo mata duka da jinya, yaya za ta ƙare da shi ba tare da ta daina zama kanta ba? Taurarin da aka hana littafin horo ne aka yi wa marubuciya don ta ba da ɗiyarta ga wanda dangi ba su zaɓa ba.

Yanzu in zo inda abin ya fi ci mani rai, ni da nake mace. A cikin sharhin nan akwai wata kalma da ke yawan dawowa in ana yabon jarumi, wai mai karewa ne, mai kishi, ba ya son kowa ya raɓi abarsa. Ana faɗin haka da murna. To mu koma ga maza biyun Mercy. Samuel ya girme ta da ɗaruruwan shekaru, ya nemi ya gudu da ita tana ƴar shekara 16, kuma babban dalilinsa shi ne matan kerketai ba sa riƙe ciki, yana ganin ita za ta iya haifa masa ƴaƴa masu rai. Da ta gane haka ne ta bar garin. Mu nan ba sai an fassara mana labarin dattijo da ƴar shekara 16 ba. Adam kuwa, wanda na ba 18 bisa 20, ya shelanta a gaban garkensa cewa Mercy tasa ce ba tare da ya tambaye ta ba, wai don ya kare ta. Kuma yana da wani ikon shugabanci da ke sa na ƙasa da shi su bi umurninsa ko ba su so.

Abin mamaki, Briggs kanta ta san wannan abin tsoro ne. Mercy ta daɗe tana ja da baya daga Adam saboda ba ta tabbata ba, in ta ji tana son bin maganarsa, zuciyarta ce ko ikonsa ne. A littafi na uku, Iron Kissed na 2008, marubuciyar ta kai tambayar har ƙarshenta: wani mutum, shi ma ɗan Adam ne ba aljani ba, ya shayar da Mercy daga wani ƙoƙon sihiri da ke ƙwace nufin wanda ya sha, ya sa ta ji kamar tana son sa, ya ci mutuncinta. Shafukan da suka biyo baya, inda take zargin kanta da laifin da ba nata ba, su ne mafi ƙarfi a duk abin da na karanta na Briggs. Wato marubuciya ta aza tambaya a tsakiyar fili: in sihiri ya shiga, ina yarda take? Masu sharhi da dama kuma suka gewaye ta, suka tafi murnar cewa a ƙarshe an zaɓi Adam.

Wata a Lyon ko Chicago tana iya gewaye wannan tambaya, don a wurinta duk wasa ne, ta rufe littafi ta kwanta. Mu fa? Mu da muka tashi muna jin an yi wa wane mallaka, an yi wa wance asiri ta bar gidan mijinta, an binne layar wani a bakin ƙofa? Ina lise lokacin da abin nan da ake kira génie tchatcheur ya shigo makarantarmu. Ƴanmata suna faɗuwa ana tsakiyar darasi, suna ihu, wata murya na fita daga bakinsu, a kwashe su a kira malam ya yi ruƙiyya. Wadda muke zama benci ɗaya da ita, daga baya aka ce namijin dare gare ta, shi ke korar duk wanda ya zo neman aurenta, shi ke hana ta karatu don kishi. Ko aljani ne ko ciwo ne da likita zai iya ba suna, ba nan ne wurin wannan gardama ba. Abin da na gani da idona shi ne yarinya mai ƙoƙarin lissafi ta bar lakwal ba ta dawo ba. Saurayin ɓoye mai kishi, wanda ba ya tsufa, mai zuwa da dare, wanda ba ya son kowa ya raɓe ki: a can taurari biyar ake ba shi, a unguwarmu kuwa hayaƙi ake yi masa. Da na tuna da ita sai na ɗauki bik na soke makin nan da na ba Adam. Ban daina son littafin ba, amma na daina karanta shi kamar ni ba ƴar nan ba ce.

Me ya sa na kawo duk wannan cikin ɗan littafinmu? Saboda ciwon ya iso gida. Duk mai bin littattafan Hausa da ake sakewa shafi-shafi a salula ya san yadda masu karatu ke tsare marubuciya: a haɗa wance da wane, a kashe kishiya, in ba haka ba mun daina bi. Kuma a zamanmu na watan jiya abin ya faru a gabana. Wani ɗan'uwa a ƙungiyar nan ya karanta mana labarinsa, kuma ya ba ni izinin in ambace shi. Wani ɗan kabu-kabu ne a Maraɗi ya ɗauki wata mata da dare kusa da tasha, ta biya shi da kuɗin da gari na wayewa suka koma ganye, ya kuma kasa daina komawa wurin yana neman ta. A farkon labarin an ce wani almajiri da ke kwana a rumfar tashar ya ɓace, ɗan kabu-kabun ne ma na ƙarshe da ya gan shi. Na ji daɗin labarin ƙwarai. Ƙurar tasha da warin esansi da mai shayin da ke ba da bashi duk sun fito kamar ka taɓa.

Da ya gama sai ɗaki ya rabu biyu. Ɓangare ɗaya, har da ni a farko, muna tambaya ko zai aure ta. Wata ma cewa ta yi: "Wallahi in ba su yi arme ba, ka ɓata muna lokaci." Ɗaya ɓangaren kuma suna tambaya ko ya halatta a rubuta irin wannan. Wani ɗan Tawa ya ce: "Wanga abu dai ku bi shi a hankali, kun san mutanen nan ba a wasa da su." Aka yi awa guda ana wannan, shayi ya huce. Muna tashi ne wata ƙanwarmu ƴar shekarar farko, wadda ba ta ce uffan ba tun da aka fara, ta ce a hankali: "To yaya, shi almajirin fa?" Marubucin ya yi shiru, ya sosa kai, ya ce gaskiya ya sa yaron ne don labari ya samu mafari, bai yanke abin da ya same shi ba.

Ban ga laifinsa shi kaɗai ba. Ya rubuta ne yana jin muryoyinmu a kunnensa, kuma ya san ba mu tambayar almajiri. Da mun saba tambayar marubuci me matar nan ke iyawa da me ba ta iyawa, da abin da mutum ke biya in ya karɓi kuɗinta, da ko an ba mu alamar da za mu iya gano mai laifi da kanmu, da ko ɗan kabu-kabun da ƙafarsa yake komawa tasha ko jan sa ake yi, da bai zo mana da yaron da ya jefar a shafi na biyu ba. Tambayar aure ma a yi ta, ni ma ina son in sani, ba ƙarya. Tambayar halacci ma tana da wurinta, sai dai ba a amsa ta da kyau in ba a fara fahimtar abin da labarin ke cewa game da mutanen ɓoyen ba, ko tsoronsu yake koyarwa, ko neman taimakonsu, ko kuwa ya ara su ne don ya yi maganar mu ƴan Adam, kamar yadda Harris ta yi da mai kisan da ya fito daga cikin ƴan gari.

Ɗan'uwan ya yi alkawarin kawo sabon zubi a zama mai zuwa, ya ce ya gano inda yaron yake, amma ya ƙi faɗa mani ko da na saya masa shayi. L'Appel de la lune kuma yana wurina ga mai son aro, sati guda ba ƙari. Shafi biyu na tsakiya sun ɗan yage, na liƙe su. Sharaɗina ɗaya ne: in ka maido, ka haɗo da rabin shafi na ra'ayinka, kuma ka rubuta shi ba tare da ka ambaci Adam ko Samuel a layi biyar na farko ba. Bangon kayen nan kuma a bar shi yadda yake, don littafin gidajen iyaye zai shiga.